Tambayoyi da amsoshi kan kalmomin kawo zancen wani a Turanci

Na daɗe ina koyar da Turanci a nan Katsina, da safe a aji, da la'asar kuma a zauren gida tare da masu shirin WAEC da NECO da JAMB. Akwai tambayoyin da duk shekara sai sun dawo, bakin da ke yin su ne kawai yake sauyawa. Mafi yawansu a kan abu guda suke: yadda mutum zai ɗauko maganar wani ya kai ta gaba da Turanci ba tare da ya ɓata nahawu ko ya ɓata maganar ba. Ga su nan yadda ɗalibai suke yi mani su.

Malam, mene ne ma *reporting verbs* ɗin nan?

Kalmomin aikatau ne da ake ɗauko zancen wani da su. Kullum kuna amfani da irinsu a Hausa: ya ce, ta tambaya, sun musanta, ya yi alkawari, ta gargaɗe shi, ya amsa laifinsa. Takwarorinsu a Turanci su ne *say, ask, deny, promise, warn, admit* da sauransu masu yawa.

Hanyar kawo zance biyu ce. Ko dai ka maimaita kalmomin mutum yadda suka fito daga bakinsa, ka sa su cikin alamar zance: *She said, "I am tired."* Ko kuma ka faɗi abin da ya ce da bakinka: *She said that she was tired.* Ta biyun ce ake kira *reported speech*, kuma a nan ne wahalar take. Kowace ɗaya daga cikin kalmomin tana zuwa da kaya biyu, ma'anarta da kuma irin ginin jimlar da take yarda ya biyo bayanta. Wanda ya haddace ma'ana ya bar gini, rabin darasi ya ɗauka.

To ba *said* kaɗai ta wadatar ba? Me ya sa sai na koyi wasu?

Wannan ita ce tambayar da na fi so a yi mani, don amsarta ce tushen komai.

A ce kuɗi sun ɓata a mota tsakanin Katsina da Daura, aka tsare yaron mota, ya ce: *"I did not take the money."* Mutum huɗu suka ba da labari. Na farko ya ce *He said he had not taken the money.* Wannan bai ƙara komai ba, saƙo ya isar. Na biyu ya ce *He denied taking the money*, wato an tuhume shi ya musanta. Na uku ya ce *He insisted that he had not taken the money*, wato an matsa masa, ya kafe a kan bakansa. Na huɗu ya ce *He claimed that he had not taken the money.* Shi wannan ya riga ya sanar da kai cewa bai gamsu da maganar yaron ba. Magana ɗaya ce ta fito daga bakin yaro, amma kowane mai ba da labari ya nuna inda ya tsaya da kalma guda.

Bahaushe ba baƙo ba ne a wannan fage. Muna da "wai". Idan ka ce "ya ce ba shi da lafiya", ka isar da saƙo. Idan ka ce "wai ba shi da lafiya", ka zare hannunka daga maganar. Kusan aikin da *claim* take yi ke nan. Wanda kuma ya zauna gaban malaman hadisi a zaure ya san sun fi kowa tsantseni a nan. Suna bambanta lafazin yankewa, irin *ƙala*, wato ya ce, da lafazin da ke nuna rauni, irin *ruwiya* da *ƙila*, wato an ruwaito, an ce. Ba su ɗauki wannan ƙaramin abu ba, domin maganar wani amana ce a hannun mai ɗauko ta. Da wannan idon nake so ku dubi darasin. Idan ka sa *admitted* a inda mutum *said* kawai ya yi, ka ɗora masa laifin da bai amsa ba.

Mene ne bambancin *say* da *tell*? Kullum ana ja mani jan biro a kansu.

*Tell* tana bukatar a ambaci wanda aka gaya wa, kai tsaye a bayanta: *He told me that the shop was closed.* *Say* kuwa ba ta karɓar mutum haka: *He said that the shop was closed.* In dole sai ka ambaci mutumin, sai ka sa *to*: *He said to me.* Saboda haka *He said me* kuskure ne, *He told that* ma kuskure ne.

Na san inda kuskuren yake fitowa. A Hausa "ya ce mani" da "ya gaya mani" gininsu ɗaya, sai ɗalibi ya zaci haka Turanci yake. Abin da zai taimake ka shi ne ka raba sauran kalmomin gida biyu. 'Yan gidan *tell* su ne *inform, remind, assure, convince*, duka sai da mutum a bayansu: *She reminded us that the fees were due.* 'Yan gidan *say* su ne *explain, suggest, mention, describe, announce*. Don haka *Explain me the answer* bai yi ba, sai *Explain the answer to me.*

Akwai 'yan wuraren da *tell* take tafiya ba tare da mutum ba, waɗannan haddace su ake yi: *tell the truth, tell a lie, tell a story, tell the time.*

Me ya sa *will* take komawa *would*, *is* ta koma *was*?

Saboda Bature yana auna lokaci daga inda mai ba da labari yake tsaye, mu kuwa muna barin maganar a lokacin da mai ita ya yi ta. Ka duba: mutum ya ce "zan zo". Ko bayan shekara kake ba da labari, cewa za ka yi "ya ce zai zo". "Za" tana nan ba ta motsa ba. A Turanci kuwa, idan kalmar kawo zancen tana shuɗaɗɗen lokaci, irin *said* ko *told*, sai aikatau na cikin maganar ya ja da baya taki ɗaya. *"I will come"* ta zama *He said he would come.*

Haka *am* da *is* suke zama *was*, *are* ta zama *were*, *have* ta zama *had*, *can* ta zama *could*, *may* ta zama *might*. *"I bought a ram"* ta zama *He said he had bought a ram.* *Must* ta wajabci takan koma *had to*. Waɗanda suka riga suka ja baya, irin *would, could, should, might, ought to*, ba su da sauran wurin zuwa, a yadda suke ake barinsu.

Tunda harshenmu bai yin haka, kada ka yi mamaki in hannunka ya riƙa rubuta *He said he will come* da kansa. Sai da maimaici yake gyaruwa.

Dole ne kullum a ja lokacin baya?

A'a. Wuri uku ne ba a ja. Na ɗaya, idan kalmar kawo zancen tana lokacin yanzu: *He says he is busy.* Na biyu, idan abin da aka faɗa gaskiya ce da ba ta sauyawa: *The teacher said that water boils at 100 degrees Celsius.* Na uku, idan maganar har yanzu tana nan daram a lokacin da kake ba da labari. Wanda ya gaya maka da safe cewa gobe zai tafi Funtua, da rana kana iya cewa *He said he will travel tomorrow*, domin goben ba ta zo ba.

Haka kuma abin tarihi mai shekara a jikinsa an fi barinsa yadda yake: *She told us that Katsina State was created in 1987.* Ba sai ka wahalar da kanka da *had been created* ba.

Shawarata ga mai shiga jarrabawa: idan tambayar zaɓi ce, aka ba ka *said*, kuma maganar ba irin gaskiyar nan mai ɗorewa ba ce, zaɓi wadda aka ja baya. Ita masu tsara tambaya suka fi nema.

Ina ruwan *tomorrow* da *here* a ciki?

Ruwansu shi ne goben mai magana ba lallai ta zama gobenka ba. Idan tela ya ce maka ranar Litinin *"Come tomorrow"*, kai kuma kana ba da labari ranar Juma'a, in ka ce *tomorrow* ka mayar da alkawarin Asabar. Sai ka ce *He told me to come the next day.* Haka *today* take zama *that day*, *yesterday* ta zama *the day before*, *now* ta zama *then*, *ago* ta zama *before*, *here* ta zama *there*. Mu ma muna da "washegari" don wannan aikin. Amma in kana tsaye a wurin da aka yi maganar, *here* tana nan a *here*. Hankali ake sawa, ba a sauyawa ido rufe.

Yaya ake kawo tambaya?

Da zarar ka ɗauko tambaya ka sa ta a bayan *asked*, ta daina zama tambaya, ta zama labari. Sai jerin kalmomi ya koma irin na jimlar labari, alamar tambaya ta faɗi, *do* da *does* da *did* na tambaya su ɓace. *"Where do you live?"* ta zama *She asked me where I lived.* Ba a cewa *She asked me where did I live*, kuma ba a cewa *She asked me that where*. Wannan *that* ɗin daga "cewa" ta Hausa ta biyo mu, ba ta da wurin zama a nan.

Tambayar da amsarta i ce ko a'a, da *if* ko *whether* ake kawo ta, daidai da "ko" tamu: *He asked whether I had eaten*, ya tambaya ko na ci abinci. Idan *to* ce za ta biyo baya, *whether* kaɗai ke shiga: *She asked whether to wait.*

Na rubuta *He suggested me to go*, aka ce kuskure ne. Amma *He advised me to go* daidai ne. Ina bambancin?

A ma'ana kusan babu. A gini ne suka rabu, kuma babu wata hikima da zan ba ka wadda ta wuce cewa haka masu harshen suke faɗa. *Advise* tana cikin masu karɓar mutum sannan *to*: *advise, ask, tell, order, warn, remind, encourage, persuade, invite, beg.* Duka kana iya cewa *She begged him to stay, They invited us to eat.* In hani ne, *not* tana gaban *to*: *He warned us not to swim there.*

*Suggest* ba ta cikinsu. Hanya biyu take bi: *He suggested going by bus*, ko *He suggested that I should go by bus.* Kana iya jefar da *should* ka ce *He suggested that I go*. Wannan salon ya fi yawa a Turancin Amurka, na *should* kuma an fi jin sa a Ingila, duka biyun karɓaɓɓu ne. Lura da abu guda da yake rikita ɗalibai masu ƙoƙari: a wannan ginin ana cewa *that she go*, babu *s* a ƙarshe. Haka yake bayan *recommend, demand, insist, propose*: *The doctor recommended that she rest.* Na sha ganin ɗalibi ya ga wannan a takardar JAMB ya zaci kuskuren ɗab'i ne.

Akwai kuma rukuni na uku, masu karɓar *to* kai tsaye ba mutum a tsakani: *agree, offer, promise, refuse, threaten.* *He offered to pay. She threatened to report him.*

Deny da refuse fa?

*Deny* musantawa ce, *refuse* ƙi ce. Wanda ya ce bai yi ba, *he denied doing it*. Wanda ya ce ba zai yi ba, *he refused to do it*. Ta farko tana tafiya da *-ing*, ta biyu da *to*. Kishiyar *deny* ita ce *admit*, ita ma da *-ing*: *He admitted breaking the window.*

Waɗannan ƙananan kalmomin, *of, for, on*, su ne suke kayar da ni.

Ba kai kaɗai ba. Dalili shi ne "da" ɗinmu tana aikin da Turanci ya raba wa kalmomi da yawa. Muna cewa "an zarge shi da sata", sai hannu ya rubuta *accused him with*. Daidai shi ne *accused him of stealing*. Abin da ya ƙara dagula lissafi, *charge* ita da *with* take tafiya: *He was charged with theft.* Ma'anarsu ma ba ɗaya ba ce. Kowa yana iya *accuse*, amma *charge* hukuma ce take yi a gaban shari'a.

Sauran da suka fi fitowa: *blame him for, apologise to her for, thank them for, congratulate you on, insist on, complain about, warn against.* Ka riƙe *congratulate on* da kyau, domin *congratulate for* ta yi yawa a bakin mutane har ta fara kama da daidai, mai duba takarda kuwa *on* yake jira. Duk aikatau da ya biyo bayan waɗannan ƙananan kalmomi da *-ing* yake zuwa: *She insisted on paying.* Ita kuma *discuss* ba ta son ko ɗaya daga cikin ƙananan kalmomin nan a bayanta. *We discussed the matter*, ba *discussed about* ba.

Kada ka haddace *accuse* ita kaɗai. Haddace ta da jelarta, *accuse somebody of doing something*, kamar yadda ake haddace aya da abin da ke bin ta.

Idan na ce *My father said I should come*, kuskure ne?

Ba kuskuren nahawu ba ne, kuma duk Nijeriya za a fahimce ka. Fassarar "Baba ya ce in zo" ce kai tsaye. Sai dai a kunnen Bature *should* ta fi kama da shawara. In umarni Baba ya ba ka, *My father told me to come* ta fi dacewa. In roƙo ne, *asked me to come*. A rubutun jarrabawa waɗannan biyun nake so in gani. Wadda ba ta da mafaka ita ce *He said that let me come*. Wannan a bar ta.

Malam, ni *project* nake rubutawa. Wace kalma zan sa idan na ɗauko maganar wani marubuci?

Wannan tambaya daga tsofaffin ɗalibaina take zuwa, waɗanda suka wuce Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa ko ta Tarayya da ke Dutsin-Ma ko Kwalejin Ilimi ta Tarayya ko Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman. Babi na biyu, inda ake bitar ayyukan magabata, kusan gaba ɗayansa a kan waɗannan kalmomi yake tsaye.

Ka raba su bisa matsayinka. Idan kana isar da magana ne kawai, ba ka goyi baya ba ba ka soka ba, akwai *state, report, describe, note, observe*. Idan marubucin ra'ayi yake karewa da hujja, *argue* ce, ko *maintain* ko *contend*. A nan *argue* ba ta nufin gardama ko faɗa, kafa hujja take nufi. Idan shi kansa bai yanke ba, yana dai nuni, *suggest* ko *imply*. Idan ka gamsu cewa ya tabbatar da abin, *show, demonstrate, establish*. Idan kuma kana da ja, *claim* ko *assume*.

Matsalar da nake gani ita ce ɗalibi yana zaɓen kalma don gudun maimaici kawai. Sakin layi na farko *argues*, na biyu *proves*, na uku *claims*, alhali bai nufi komai da sauyin ba. Sai ka tarar ya ce wani *proves* abu, a shafi na gaba kuma ya kawo wanda ya rushe maganar. In an tabbatar, yaya aka rushe? *Prove* kalma ce mai nauyi, a ilimin zamantakewa da adabi da wuya a sami inda ta dace. Haka kuma *opined* da *posited* da suka cika rubuce-rubucenmu. Turanci ne, ba laifi ba ne, amma sun yi yawa, kuma sau tari *argues* ko *says* ta fi su fitar da ma'ana.

Abu biyu kuma. Kada ka haɗa *according to* da *said* a jimla ɗaya, irin *According to the author, he said that*. Ɗaya ta isa. Game da lokaci kuwa, tsarin rubutun bincike na APA ya fi son shuɗaɗɗe, irin *argued* ko *has argued*, masu nazarin adabi da ke bin tsarin MLA kuma sun fi amfani da na yanzu, *argues*. Tambayi wanda sashenku yake bi, ka tsaya a kansa daga farko har ƙarshe.

Me ya sa 'yan jarida suke yawan cewa *alleged*?

Domin kotu ba ta yanke hukunci ba. *Allege* ita ce "ana zargin" da kuke ji a labaran rediyo. Wanda ya rubuta *He stole the money* ya yanke hukunci da kansa, kuma ana iya maka shi kotu kan ɓata suna. Wanda ya rubuta *He is alleged to have stolen the money* ya faɗi cewa akwai zargi, bai wuce nan ba. Ina jan hankalin matasanmu masu rubutu a Facebook da WhatsApp kan wannan ƙwarai. Magana zarar bunu ce, kuma mutuncin mutum ba ya dawowa don an goge rubutu daga baya.

Wannan ginin yana da amfani ko a wajen jarida, duk inda Hausa za ta ce "an ce". Siga biyu gare shi: *It is said that he is rich*, ko *He is said to be rich*. In abin ya riga ya wuce, sai *to have*. Misalin da nake ba 'yan Daura shi ne na rijiyar Kusugu. In baƙo ya tambaye ka, kana iya cewa *Bayajidda is said to have killed the snake in the well*, ko *Tradition holds that he killed the snake*. Ka ba da labarin kakanninka cikakke da mutuncinsa, kuma ka sanar da mai sauraro cewa daga baka aka gado shi. *Believe, think, report, know* duka suna shiga wannan ginin: *The town is believed to be very old.*

Dole ne in sa *that*?

Bayan *say, tell, think* kana iya barinta, musamman a magana. Bayan *reply, argue, state* da makamantansu a rubutu na ilimi, sa ta.

Ta yaya zan sa duk wannan ya zauna mani?

Ka sami littafin rubutu guda ka ware shi don wannan. Duk kalmar da ka tsinta, rubuta ta da gininta, sannan jimla ɗaya taka ta kanka, a kan mutanen gidanku da unguwarku. Jimlar da ka ƙirƙira a kan ƙanenka da ya ƙi zuwa ɗebo ruwa ta fi zama a kai bisa wadda ka kwafa.

Sannan ka yi aikin da nake ba 'yan zaure. Da daddare ka saurari labaran Hausa a rediyo, ka tsinci duk inda aka ce "ya bayyana", "ta musanta", "sun yi kira ga", "ya yi gargaɗin", "ya sha alwashin". Ka ɗauki biyar ka mayar da su Turanci. "Sun yi kira ga gwamnati da ta gyara hanya" za ta ba ka *They called on the government to repair the road*, ko *urged*. "Ya sha alwashin" za ta ba ka *He vowed to*. Washegari ka nemi labarin a jaridar Turanci ka ga kalmar da su suka zaɓa, ka gwada da taka.

In an aike ka a gida ma dama ce. Inna ta ce ka gaya wa maƙwabciya ta aiko da turmi, kuma kada ta manta da bikin Asabar. Kafin ka isa ƙofar gidan, ka juya saƙon a zuciyarka: *My mother asked her to send the mortar and reminded her about the ceremony on Saturday.* Da ka dawo da amsa, ita ma ka juya ta, ka tambayi kanka ko maƙwabciyar *agreed* ta yi, ko *promised*, ko kuwa *said* kawai.